Sarƙar Hajiya da Takardar Alhaji

A Nima da Mamobi, unguwannin Akra, gardamar takan tashi ne ranar da kuɗi masu kauri suka shigo gida. Ko maigida ya cika shekara sittin an sallame shi daga aiki da ɗan abin da ya tara a dunƙule, ko ya sayar da motar hayar da ƙarfinsa ya daina kaiwa, ko kuma ɗansu da ke Jamus ko Amurka ya aiko da abin da ya fi na cefane. Shi hankalinsa yana kan fili a Kasoa, ko ƙarin ɗaki biyu a zuba 'yan haya, ko a kai banki kowa ya huta. Ita kuma so take a gutsuri wani abu a sayi gwal a ajiye saboda tsufa. Abin da akan ji daga bakin maza bai cika sauyawa ba: "Hajiya, shi gwal ɗin haihuwa yake yi?" Amsar matan ma ta zauna kamar karatun allo: "Alhaji, sidin naka mai haihuwa, ina 'ya'yansa?"

Baƙo zai ɗauka son ado ne ke magana. Amma gardamar ta girmi su biyun, kuma kowannensu gādon wani abu yake karewa.

Sunaye biyu Bahaushe ke kiran ƙarfen nan da su, kuma kowane da hanyar da ya biyo. Zinariya daga dinarin Larabawa ta samo asali, ta ratso Sahara a bayan raƙuma tare da littattafan fiƙihu. Gwal kuwa Turanci ne, ta teku ya shigo. A ƙasar da ake kira Gana yau hanyoyin biyu suka yi karo. Tun ƙarni na 15 Wangarawa suke saukowa kasuwar Begho, a bakin dajin Akan, suna auna garin zinariya da miskali, ma'aunin da ya ɗan haura giram huɗu, suna haurawa da shi Jenne da Tambutu. Wani ɓangare na ma'aunan tagulla na Akan, waɗanda yanzu ake jerawa a gidajen tarihi, a kan lissafin miskalin nan aka gina su. Turawan Fotugal suka iso gaɓar a 1471, suka gina ganuwar Elmina a 1482, daga baya Turawa suka laƙaba wa gaɓar duka sunan zinariya.

Fataken Hausa da suka riƙa zuwa Gwanja ba zinariya ce ta kawo su ba, goro ne. Madugu yakan taso da ayari daga Kano ko Katsina da kanwa, baƙaƙen riguna, fatu da dabbobi, a yi watanni a hanya, a sauka a Salaga a ɗauki goron dajin Asante a juya. Tonawa, kamar yadda Hausawan dā suke kiran mutanen Asante, ba sa wasa da zinariyarsu. Garinta shi ne kuɗin kasuwar Kumasi, kowane ɗan kasuwa da sikelinsa da cokalinsa a jaka. Dunƙulen da aka tono kuwa na sarauta ne, kuma idan attajiri ya mutu fada tana da rabo a abin da ya bari. Saboda haka falke bai saba ganin zinariya a matsayin abin ajiyarsa ba. Dukiya a wurinsa ita ce wadda ke tafiya tana dawowa da ƙari: huhun goro, garken shanu, bashi a hannun amintaccen dillali. Kuɗin da aka kwantar, a lissafin falke, kuɗi ne da aka kashe. Alhajin Nima mai tambayar ko gwal na haihuwa da bakin kakansa yake magana, ko ya sani ko bai sani ba.

Turawan Ingila ne suka raba zinariya da kasuwa. Dokar 1889 ta soke garin zinariya a matsayin kuɗi a yankin mulkinsu na gaɓa, bayan cin Asante a 1901 abin ya kai can ma, a 1912 kuma aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma mai buga fam da sule. Da gwamnatin Kwame Nkrumah ta fito da kuɗin ƙasa a Yulin 1965, sai ta waiwayi tsofaffin sunaye: sidi daga kalmar Fante mai nufin wuri, pesewa kuma daga ƙaramin ma'aunin garin zinariya. Sunayen suka dawo, ƙarfen bai dawo ba.

Kafin nan zangunan Akra sun kafu. Malam Naino, mutumin Katsina, ya samu fili daga hannun mutanen Ga, masu garin, ya kafa Zangon Malam a tsakiyar gari, ɗansa Malam Bako ya fita ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watso fatake da malamai kudu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Akra, wadda tsofaffi ke kira Ankara. Nima ta zo daga baya: wajen 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu wurin daga iyalin Odoi Kwao na Osu, lokacin daji ne na kiwo a bayan gari. Yaƙin Duniya na Biyu da sansanin sojan Amurka kusa da filin jirgi suka cika ta da masu neman aiki, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Dagomba, Yarabawa, har ta tumbatsa ta haye kwata zuwa Mamobi. Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi. Sai dai ƙasar da aka gina gidajen a kai ta masu gari ce, kuma kalmar zango kanta masauki take nufi, inda ayari ke kwana kafin ya tashi.

Matan zango da nasu bankin tun asali, amma ba gwal ba ne. Kwanuka ne da langa da tasoshi, jere a kabad har rufi, waɗanda aka kawo amarya da su ake kuma ƙarawa a hankali domin auren 'ya mace. Atamfa ce 'yar Holan, turmi a kan turmi a cikin akwati, ba a ɗinka ba. Awarwaron azurfa ne da 'yan awaki a bayan gida. Masaniyar Amurka Deborah Pellow, wadda ta daɗe tana bincike a Sabon Zango, ta rubuta a kan wannan jeren kwanuka da abin da yake nufi ga martabar mace. Duk abin da ke cikin jerin ana iya sayar da shi ranar tsanani ba tare da an nemi sa hannun kowa ba. Kuɗin sayensa kuwa daga tukunyar waakye da koko da ƙosai yake fitowa, da tebur a kasuwar Nima ranar Laraba, da adashi, ko susu kamar yadda ake cewa a Gana, inda mai karɓa ke zagayowa kullum ya riƙe zubin kwana ɗaya a wata ladan wahalarsa.

Jirgin sama ne ya shigo da gwal cikin jerin. Da aikin hajji ya tashi daga tafiyar shekaru a ƙasa ta Sudan ya koma ta 'yan sa'o'i, mata suka fara zuwa da yawa, suka ga kantunan Makka da Madina da Jidda inda ake sayar da sarƙa a kan sikeli, giram kaza, karat 21, farashin ranar a rubuce. Haƙorin Makka shi ne shaidar da kowa ke gani. Abin da ke ƙulle a ƙasan jaka ya fi shi nauyi. Daga baya Dubai ta buɗe, 'yan kasuwa mata suka mayar da kasuwar gwal ta Deira kamar kasuwar Makola ta Akra. Sarƙa ɗaya tana ɗauke da kuɗin kabad guda na kwanuka, ba ta tsatsa, asu ba ya cinta, kuma ba ta tsufa a ido yadda zanen atamfa ke fita yayi.

Shari'a kuma ta riga ta miƙa wa mace wannan fage. Namiji Musulmi ba ya sa zinariya, don haka duk gwal ɗin da ya shigo gida a matsayin ado ɗakin mace yake nufa. Sadaki nata ne, kuma a mazhabar Malikiyya da zango ya taso a kanta mafi ƙarancinsa da zinariya ake ƙiyasta shi, rubu'in dinari, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. Abin da ta samu da sana'arta miji ba shi da iko a kansa. Akwai kuma dalili na doka: kafin 1989, lokacin da gwamnati ta halatta ƙananan masu haƙa, riƙe ɗanyen gwal ba lasisi laifi ne a Gana. Sarƙar wuya kuwa ba wanda ya taɓa neman lasisinta.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 ce ta mayar da al'adar hujja. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya nemo ta ko ya bar ƙasar. A zango wannan kusan kowa ne, domin wa ya taɓa neman takardar zama a garin da aka binne cibiyarsa? Akwai waɗanda a Akra aka haife su, ba su taɓa ganin Katsina ko Dosso ko Ogbomosho ba, amma doka ta bi asalin iyaye. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, yawancinsu zuwa Najeriya, wasu Nijar, Togo, Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Tashoshin mota suka cika, iyakar Aflao ta cushe. Mai gida ya sayar da gida a farashin da mai saye ya ga dama, domin mai saye ya san ranar da wa'adi zai cika. Mai shago ya karyar da kaya, mai gonar koko ya bar ta a tsaye, bashin da ke hannun mutane ya bi ruwa. Ko wanda ya samu kuɗi a hannu bai tsira ba: dokar musayar kuɗi ta 1961 ta takura fitar da su, sidi kuma ba ya sayen komai a hayin iyaka. Duk dukiyar da falke ya yarda da ita, mai tafiya tana dawowa, ta ƙi tafiya a ranar da aka fi bukatarta. Kabad ɗin kwanuka ma bai shiga mota ba. Abin da ya haye iyaka da darajarsa shi ne abin da ke kunne da wuya da ƙullin zane. 'Yan matan da suka ga wannan da idonsu su ne kakannin Nima na yau, kuma ba su yi shiru da labarin ba.

Shekara goma bayan haka aka shiga darasi na biyu, wanda ya fi na farko ban haushi saboda ya zo hawa biyu. A Maris 1979 gwamnatin soja ta Janar Fred Akuffo ta rufe iyakoki ta sauya kuɗi. Wanda ya kawo tsofaffin takardu, a kowane sidi 10 aka ba shi 7, har zuwa sidi 5,000. Abin da ya haura haka rabi aka ba shi. Kuɗin da ke banki ba a taɓa su ba. A wannan zagayen mai asusu ne ya yi dariya, mai ƙunshi a ƙarƙashin katifa ya yi kuka, kuma maza masu cewa a kai banki suka samu abin faɗa. A Agustan shekarar, bayan juyin mulkin 4 ga Yuni, sojoji suka rushe kasuwar Makola da sunan yaƙi da kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, aka yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a. Ajiyar kaya ma ta zama laifi ke nan. Sai 1982, gwamnatin Jerry Rawlings ta janye takardar sidi 50, mafi girma a lokacin, aka karɓi kuɗin mutane aka ba su rasit. Wannan karon banki ma bai tsira ba: asusun da ya haura sidi 50,000 aka riƙe shi sai mai shi ya bayyana gaban kwamiti ya faɗi inda ya samo. Ɗan kasuwar shanu ko goro, wanda duk lissafinsa a ka yake da bakin shaidu, da wace takarda zai kare kansa? An daɗe bayan nan 'yan kasuwa da yawa ba su sake taka ƙofar banki ba.

Ga kuma hauhawar farashi, wadda ba ta bukatar soja. Ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977, ta sake haurawa a 1983, shekarar fari da gobarar daji da korar 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya. A farkon 1983 dala ɗaya sidi 2.75 ce a hukumance. Zuwa 2007 ta wuce sidi 9,000, har aka yanke sifiri huɗu a Yuli, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Ma'aikacin da ya fara zubi a asusun tsufa na gwamnati, wanda aka buɗe a 1965 a matsayin ajiyar da ake biya a dunƙule, ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1991 aka mayar da wannan tsari, da ake kira SSNIT, fansho na wata-wata. Dokar 2008 ta raba shi hawa uku, ana zuba kashi 18.5 cikin 100 na albashi tsakanin ma'aikaci da mai aiki, kuma sai an yi zubin wata 180 ake samun fansho. Amma mutum nawa ne a Nima ke da albashi? Mahauci, tela, direba, mai canji a Tudu, mai tuwo: yawancinsu ba ruwan SSNIT da su, fanshonsu 'ya'ya ne da ɗakin haya da abin da ke cikin akwati.

Duk da haka kada a yi wa Alhaji rashin adalci, domin hujjojinsa ba na banza ba ne. Gwal yana faɗuwa, kuma idan ya faɗi yakan daɗe a kwance. A Janairun 1980 oza ɗaya ta kai dala 850, a 1999 ta sauko ƙasa da dala 260. Shekara kusan ashirin ke nan, tsawon ritayar mutum guda. Ta kai wajen dala 1,900 a Satumban 2011, zuwa ƙarshen 2015 ta dawo kusa da 1,050. Abin da ya rufa wa matan Akra asiri a irin waɗannan shekarun shi ne sidi ya fi gwal saurin gangarowa, ba wai gwal ɗin ya tsaya cak ba. Sannan sarƙa ba dunƙule ba ce. Ranar saye ana biyan nauyi da kuɗin ƙira, ranar sayarwa maƙeri nauyin kawai yake gani, ya goga a dutse ya ɗiga asid, ya cire duwatsun ado, wani lokaci ya ce abin da aka saya a matsayin 21 bai wuce 18 ba. Akwai jabu. Akwai ɓarawo, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da ƙofa ɗaya. Kuma wanda ya sayi fili a gefen Akra shekara talatin da suka wuce, in dai bai faɗa hannun masu sayar da fili ɗaya ga mutum uku ba, ko 'yan daban da ake ɗauka gadin filaye, ya ga riba da sarƙa ba ta cika bayarwa ba, ga kuɗin haya duk wata.

Akwai ma wata hujja da malamai ke ƙara masa. A wurin Malikawa kayan adon da mace ke sawa ba zakka a kansu. Amma idan an saye su ne domin ajiyar ranar bukata, hukuncin ya sauya: da zarar sun kai nisabi, miskali 20, kimanin giram 85, shekara ta zagayo, sai a fitar da ɗaya bisa arba'in. Wato da bakinta Hajiya take jawo wa gwal ɗinta zakka, ranar da ta ce na tsufa ne. Ita kuma takan mayar da ƙwallon da cewa takardar bashin gwamnati da yake so ruwa take biya, kuma ya san sunan ruwan a littafi.

Mafi kaifin makamin maza shi ne Menzgold. Kamfanin Nana Appiah Mensah, wanda ake kira NAM1, ya yi ta karɓar mutane su sayi gwal su bar shi a hannunsa, yana biyansu kashi 7 zuwa 10 cikin 100 kowane wata. A lokacin manyan mawaƙa suna ƙarƙashin wani kamfaninsa, sunan wani kuma yana kan gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Babban Bankin Gana ya yi ta gargaɗi, ba a ji ba. A Satumban 2018 hukumar kula da hannayen jari ta dakatar da harkar, kuɗin dubban mutane suka maƙale, ciki da 'yan fansho, magana ta koma kotu. To ga gwal mai haihuwa da ake nema an samu. Abin lura shi ne labarin bai karya hujjar matan ba, ƙarfafa ta ya yi, domin wanda ya shiga Menzgold takarda ya koma da ita gida. Tsohuwar da ba ta iya karanta takardar ba, ta ce ita sai abin da za ta ɗora a tafin hannu, ita ce ta kwana lafiya.

Daga nan takardu suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Bankunan UT da Capital sun rufe a Agustan 2017, wasu biyar aka haɗe su a Agustan 2018, a Mayun 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, a Nuwamba kuma na kamfanonin juya jari 53. Masu ajiya a manyan bankuna gwamnati ta tsaya musu, na ƙananan wurare da yawa sun sha jira. Saura takarda ɗaya da kowa ya yarda ba ta mutuwa, ta gwamnati.

A 2022 sidi ya taso daga wajen 6 a dala ya doshi 15, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. A ƙarshen Oktoba Shugaba Nana Akufo-Addo ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce kuɗi ba sa son hayaniya, ya kuma yi alkawarin ba za a yi wa jarin kowa aski ba. Ranar 5 ga Disamba ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya sanar da musayar takardun bashin cikin gida: a kawo tsofaffi a karɓi sababbi masu nisan wa'adi, kuma a tayin farko ba ko pesewa na riba a 2023. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki aka tsame asusun fansho daga zagayen farko, sai aka juyo kan ɗaiɗaikun mutane. A Fabrairun 2023 tsofaffi suka yi kwanaki suna zaman dirshan a harabar ma'aikatar kuɗi, wasu da sanda, har tsohuwar Babbar Jojin ƙasa Sophia Akuffo ta zo ta zauna cikinsu da kwali a hannu. A ƙarshe aka tsame su, amma an riga an gani. Ƙarin da SSNIT ta yi wa 'yan fansho a 2023 kashi 25 ne, bai kai rabin tashin farashi ba.

Abin dariya, in akwai dariya a ciki, shi ne hukuma da kanta ta koma layin Hajiya. A 2021 Babban Bankin Gana ya fara sayen gwal na cikin gida da sidi yana tarawa. Ajiyarsa da ta daɗe ba ta kai tan 9 ba ta haura tan 30 a ƙarshen 2024. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya fito da shirin musayar gwal da man fetur. A Satumban 2024 gwamnan bankin, Ernest Addison, ya ƙaddamar da sulen gwal na ƙasa, tatacce, mai oza ɗaya da rabi da kwata, ana saye ta bankuna da sidi, ana kuma mayar musu. Da aka fara sayarwa a Nuwamba oza ɗaya tana wajen sidi 45,000, kwata kuma sidi 11,000 da 'yan kai. A Yulin 2007 oza ɗaya ba ta kai sidi 700 ba. A 2025 gwamnatin John Mahama ta kafa hukumar GoldBod ta ɗora mata sayen gwal ɗin ƙananan masu haƙa da fitar da shi. (Kogunan Pra da Ankobra da Offin, waɗanda galamsey, wato haƙar gwal ba izini, ya mayar kalar kunu, su ne ke biyan wani sashe na wannan arziki, kuma ba a sa su cikin lissafin miji ko na mata.)

Ba a daɗe ba Alhaji ya samu tasa ranar. Tsakanin Afrilu da Yunin 2025 sidi ya farfaɗo daga sama da 15 a dala zuwa kusan 10, wanda ya sayi sulen nan da tsada ya ga farashinsa da sidi ya zube, alhali a kasuwar duniya gwal bai faɗi ba, a Oktoba ma ya haura dala 4,000. Mai ajiyar gwal a Akra caca biyu yake yi a lokaci guda, ta ƙarfen da ta kuɗin ƙasarsa.

Sulen ya kawar da rabin ƙorafin maza: ba kuɗin ƙira irin na sarƙa, ba shakkar karat, kuma namiji na iya mallakarsa tunda ba sawa zai yi ba. Da lissafi ne kaɗai a gardamar, da nan ta ƙare. Amma mata da yawa ba su yi murna da shi yadda aka zata ba, kuma dalilin ba a cika faɗarsa a gaban maigida ba. Sule ta asusun banki ake sayensa, asusun kuma suna ɗaya ne a kansa, galibi na mijin. Ranar da ya faɗi ya mutu, sulen ya shiga tarika tare da gida da filin Kasoa. A yawancin gidajen zango malamai ake kira su raba: matar mai 'ya'ya tumuni take samu, ɗaya bisa takwas, in su biyu ne ko uku su raba tumunin nan a tsakaninsu. Dokar gādo ta ƙasa ta 1985 ta tsara nata rabon daban, amma kai dangin miji kotu ba ƙaramin abu ba ne ga macen da za ta ci gaba da zama a unguwar. In kuma saki ne ya zo kafin mutuwa, ɗakin hayar da aka gina da guminsu biyu ba ya binta. Mata sun fi maza tsawon rai, kuma yawanci sun fi mazajensu ƙuruciya da shekaru masu yawa. Tsufan da yake lissafawa nasu ne su biyu a gida ɗaya. Nata lissafin ya zarce har shekarun da za ta yi bayan ta fita takaba.

Shi ya sa idan ya sakko ya ce to a saya, sai sabuwar magana ta taso a kan wane iri, kuma ta fi ta farko tsawo. Inda aka daidaita, sau da yawa raba kuɗin ake yi: kaso mafi tsoka ya tafi bulo da siminti, saura ya bi wata 'yar'uwa mai tafiya Umara ko Dubai, da sharaɗin ta dawo da rasit mai nuna giram da karat. Rasit ɗin yakan shiga gwangwanin alewa tare da katin asibiti da takardun haihuwar yara. Sarƙar kuwa ba ta zama a akwati kullum, ko da ɓarayi sun yi yawa. Takan fito ranar suna, ranar kai amarya, ranar tarbar alhazai, a gaban ƙannen miji da kishiya da matan unguwa, waɗanda a cikinsu ne za a nemi shaida ranar rabon gādo idan wani ya ce ta marigayi ce.